Mai ƙaramin guzuri a Seoul ya fi kowa bukatar ladabi

Ina yawan ganin matasanmu suna tambayar yadda za su ziyarci Koriya ta Kudu da babban birninta Seoul da kuɗi kaɗan, kuma kusan duk amsoshin da ake ba su a kan farashi suke tsayawa. A ganina rabin magana ke nan, domin attajiri yana iya shiga tasi daga otal zuwa otal ba tare da kafaɗarsa ta gogi ta kowa ba, amma mai ƙaramin guzuri shi zai cuɗanya da mutanen gari a jirgin ƙarƙashin ƙasa da kasuwa da ƙananan gidajen abinci, inda ake lura da halin baƙo.

Batun kuɗin yana da sauƙi. Da katin T-money, wanda ake saye a shagunan kan titi, za ka hau jirgi da bas duka. Shiga fadar Gyeongbokgung, da aka gina a 1395, won 3,000 ne a kuɗin ƙasar, kuma wanda ya sa hanbok, tufafinsu na gargajiya, ba ya biyan komai. Babban gidan tarihin ƙasar da ke Yongsan kyauta ake shiga. A gidan abinci ba a sayar da ruwan sha, ana ƙara maka ƙananan kwanonin haɗi da suke kira banchan ba da kuɗi ba, kuma ba a barin tukuici.

Abin da ya fi damuna shi ne hali a cikin jirgi. A ƙarshen kowane tarago akwai kujerun tsofaffi da naƙasassu, akwai kuma masu ruwan hoda na mata masu juna biyu, kuma za ka ga matashi a gajiye yana tsaye alhali kujerar babu kowa a kanta. Baƙon da ya zauna a nan, ko ya ɗaga murya a waya kamar yana tashar mota, ba lallai a tanka masa ba, amma ya zubar da mutuncinsa da na ƙasar da ya fito.

Sauran ladubban ba baƙi ba ne ga Bahaushe: a cire takalmi a bakin ƙofa, a miƙa abu ko a karɓa da hannu biyu, a jira babba ya fara cin abinci. Wanda za a koya sabo shi ne kada a kafa tsinkayen cin abinci a tsaye cikin shinkafa, domin yana tuna musu da abincin da ake ajiye wa mamata.

Musulmi kuwa ya riƙa tambaya kafin ya ci, cikin sakin fuska, saboda ko kimbap mai arha, wato shinkafar da ake naɗewa cikin ganyen teku, sau da yawa akwai naman alade a ciki. Kusa da babban masallacin Seoul da ke Itaewon, wanda aka buɗe a 1976, akwai gidajen abincin halal.

Unguwar Bukchon, mai tsofaffin gidajen gargajiya, ba a biyan kuɗin shigarta, sai dai gidajen mutane ne da suke kwana a ciki. Hayaniyar masu ɗaukar hoto ta ishi mazauna wurin har hukuma ta hana 'yan yawon buɗe ido shiga wani ɓangarenta daga ƙarfe 5 na yamma zuwa 10 na safe, kuma ni ban ga laifin mazaunan ba ko kaɗan.