"Ku ƙara megabit": amsar da ta ishe mu kan layin hayar rassan ofis

Abin ya isa haka. Duk lokacin da layin haya, wato layin sadarwa da kamfani ke haya don haɗa reshe da hedikwata, ya fara tafiyar hawainiya a wani reshe mai nisa, amsar masu sayar da shi ɗaya ce: ku ƙara faɗin layi. A ƙara daga megabit 10 zuwa 50, a sa hannu kan kwangilar shekara uku, washegari akanta yana nan zaune yana kallon allo, fayil bai buɗe ba. Ana magani kai na kumbura, su kuwa kuɗinsu ya shiga.

Rainin hankalin yana farawa ne tun daga lissafi. Megabit ba megabait ba ne, bit takwas ke yin bait ɗaya. Layin megabit 10 ba ya wuce megabait 1.25 a daƙiƙa, don haka kwafin ajiyar bayanai na gigabait 50 zai cinye fiye da awa 11, shi kaɗai a layin. Wane ɗan kasuwa ne ya taɓa zama ya yi wa mai saye wannan lissafin?

Kuma ba sa tambayar me zai bi ta layin. Kiran murya da G.711, tsarin mayar da murya zuwa bayanan kwamfuta, yana cin kusan kilobit 87, wato kira 20 a lokaci guda bai kai megabit 2 ba. Abin da murya ba ta jurewa shi ne jinkiri: ƙa'idar G.114 ta hukumar sadarwa ta duniya (ITU) ta ce kada ya wuce milisakan 150 a tafiya ɗaya. Fakiti kuma, wato ƙunshin bayanai da ke bi ta layi, abin da ake so shi ne wanda ke zubewa kada ya kai kashi 1 cikin 100. Kyamarorin tsaro takwas kuwa, kowace tana turo megabit 3 zuwa hedikwata dare da rana, sun kwashe 24 kafin kowa ya kunna kwamfuta. Su ne ɓarayin, amma sai a ɗora wa wayoyi laifi.

Inda abin ya fi ƙona rai shi ne nisa. TCP, tsarin da kwamfutoci ke aika fayil da shi, yana aika kaso ɗaya ne, wanda ake kira taga, ya tsaya jiran amsa. In tagar ta tsaya a kilobait 64, zuwa da dawowa kuma milisakan 100 ne, haɗi ɗaya ba zai wuce megabit 5 da ɗoriya ba ko da an sayi 100. In ta tauraron ɗan'adam mai nisa ne, inda jinkirin ke kai milisakan 600, ko megabit ɗaya ba za a gani ba. Injiniyoyinsu sun san wannan sarai. Shiru suke yi.

Sai batun bakin waya, wato mahaɗar da ake jona layi. Su kawo mahaɗa mai gigabit ɗaya, su datse a megabit 20 daga nasu ɓangaren, ba tare da sun ce uffan ba. Rautar reshe, wato na'urar da ke tura bayanansa cikin layi, ta ga gigabit ta ɗanno bayanai da ƙarfi, na'urarsu ta zubar da rarar, kira ya dinga yankewa. Gyaran abu biyu ne kacal: a saita rautar ta riƙa taƙaita abin da take fitarwa ƙasa kaɗan da 20, a ba murya fifiko. In da VPN a kai, wato hanyar sirri da ke lulluɓe bayanai, a rage girman fakiti, in ba haka ba wasu shafuka su buɗe wasu su maƙale. Da ka kai ƙara sai su turo jadawali mai nuna kashi 40 na amfani, alhali matsakaicin minti biyar ne, cunkoson daƙiƙa biyu ba ya fitowa a ciki.

Alkawarin cewa layi zai yi aiki kashi 99.9 cikin 100 na lokaci ma romon baka ne in ba a rubuta lokacin gyara ba. Kusan awa tara ne na ɗaukewa a shekara, 99.5 kuma kusan awa 44. Layin ko-ta-kwana da suke cusa wa mutane, sau da yawa bututu ɗaya yake bi da na farkon, motar haƙa ɗaya ta tsinke su tare.

Kada wanda ya sa hannu sai ya auna zirga-zirgar reshen na wata guda, har da ƙarshen wata, ya tara ta rassa duka ya ga ko layin hedikwata zai ɗauka. Ranar miƙa layi a gwada da iperf3, manhajar auna saurin layi, ta ɓangarorin biyu, injiniyansu yana tsaye a wurin, kuma a nemi taswirar inda kowace waya ta bi, a rubuce.