Lauyan kare haƙƙin ɗan'adam ba aikin sadaka yake yi ba

A unguwar Nima da ke Accra a Ghana, yarinya ta ce wannan fannin take so, sai ka ji mahaifinta ya ce, "Ke 'yar nan, wa zai biya ki?" Nan ake kuskure. Gaskiya talakan da ya shekara a kurkukun Nsawam yana jiran shari'a ba shi da ko sisi, amma ba daga aljihunsa albashin ke fitowa ba. Akwai CHRAJ, hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta Ghana da aka kafa a 1993, akwai hukumar gwamnati mai bai wa marasa hali lauya kyauta, ga ƙungiyoyi irin su FIDA ta mata lauyoyi.

Kuɗin dai bai kai na lauyan banki ba, kuma na ƙungiya kan tsaya in tallafi ya yanke. Shi ya sa wasu ke haɗawa da shari'ar filaye, wadda ba ta ƙarewa a Accra.