Gurnani a hanyar Wudil

Ɗan yayata ne ya ja mini. Ya zo hutun jami'a gidana a Kano, ya ɗauki wayata yana duba waƙoƙin da ke ciki, can sai ya ɗago ya ce, "Kawu, kai fa duk mawaƙanka sun riga mu gidan gaskiya."

Na buɗe baki zan ƙaryata shi, sai lissafi ya tsayar da ni. Ɗanƙwairo 1991, Shata 1999, Barmani Choge 2013, Ɗan Maraya Jos 2015. Allah ya jiƙansu. Na ce masa yaro bai san wuta ba sai ya taka, duk duniya wa zai riƙe kalangu da baiti irin na Shata? Ya ce shi bai musa ba, amma duniya da faɗi, in ba shi memorin motata ya zuba mini abin da kunnena bai taɓa ji ba. Na ba shi, don kada a ce na ji tsoro.

Ya cika shi taf, ya koma makaranta. Babu sunan mawaƙi ko ɗaya, lambobi ne kawai a jere, allon rediyon motar kuma ya daɗe da mutuwa. Abin da ya faɗo shi za ka ji. In na rasa gane wane ne, sai in ɗauki muryar a waya in tura masa ta WhatsApp, ya aiko mini da bayani.

Waɗanda suka fara kama ni 'yan Agadas ne masu jita. Yaron ya ce wannan Bombino ne, wancan kuma Mdou Moctar, bahagon makaɗi daga yankin Tawa, wanda waƙoƙinsa suka fara yawo daga waya zuwa waya ta memori da Bluetooth tun kafin Turawa su san da zamansa. Ya haɗa mini da Tinariwen na Mali, waɗanda suka ci kyautar Grammy a 2012. Ban ji kalma ɗaya ta yaren Abzinawa ba, amma tafin da kiɗan suna tafiya ne da takun da jikina ya gane. Abin ya ɗan ba ni haushi ma. Mutanen nan maƙwabtanmu ne, a kasuwar Agadas da Hausa ake ciniki, ga shi ana bin layin tikitinsu a Amurka da Faransa, ni kuwa sai da ɗalibi ya nuna mini su.

Ummu Kulsum ta Masar kuwa haƙurina ta gwada. Kiɗa ya tashi ina shiga gidan mai. Na bi layi, aka zuba mini, na karɓi canji, na hau titi, baiwar Allah ba ta buɗe baki ba. Da ta fara kuma sai ta riƙe baiti guda tana juya shi, jama'a na ihu tana sake dawo da shi. Yaron ya ce waƙarta ɗaya takan kusa cinye awa guda, kuma a zamaninta duk Alhamis ɗin farko ta wata mutane kan taru a gaban rediyo su saurare ta. Na ce lallai mutanen Alƙahira ba su da sauri. Akwai wani kuma da ake kira jaz, inda kowane makaɗi ke bin hanyar gabansa, sai can su haɗu a ƙarshe su gaisa. Na wuce shi. Na masu ihu da jitar lantarki kuwa uwargida ce ta yanke hukunci. Ta ce in dai tana cikin motar, ko ita ko su.

Ana nan sai ɗaurin aure ya taso a Wudil, aka ce ni zan kai surukina. Kowa ya san ba a sa wa suruki kiɗa. Da na hango shi ya fito da babbar riga, na miƙa hannu da sauri na murɗa rediyon. Ashe rage shi na yi, ban kashe ba. Na durƙusa na gaishe shi, na buɗe masa gaba, muka ɗauki hanyar Maiduguri. Shiru, sai "ya iyali" da "lafiya lau, Baba".

Mun bar Mariri a baya ke nan sai wani gurnani ya taso daga ƙasan motar. Ƙara ce mai kauri, ba ta hawa ba ta sauka, kamar injin markaɗe da aka danne da katifa. Can kuma sai wani siririn fito ya hau kanta.

Baba ya karkata kunne. "Malam, motar nan lafiya take kuwa?"

"Jiya ma na sa aka duba ta, Baba."

"To ba su duba da kyau ba. Wannan boris ne. Fiton nan kuma fambel ne. Na yi shekaru ina harkar mota, ba a gaya mini."

Na rage gudu, gurnani bai ragu ba. Na ƙara, yana nan yadda yake. Baba ya fara karanto addu'ar tafiya a karo na biyu, ya ce mu tsaya wurin makaniken farko da muka gani. Muka samu wani a gindin bishiya da yaransa. Na kashe mota, ƙara ta ɗauke ɗif. Ya ce in tayar. Na tayar, bayan ɗan jim gurnani ya dawo. Kashe. Shiru. Tayar. Gurnani. Ogan ya gyaɗa kai irin na wanda ya gama gano komai, ya buɗe bonet, ya sa yaro ɗaya ya shige ƙarƙashi, wani kuma ya kara dogon sukundireba a jikin injin ya manna kunnensa a ƙotar.

Ina zaune a kujerar direba ina taka totur bisa umarni, sai na ji wani abu mai kama da goge ya shigo cikin gurnanin, a hankali, daga ƙofar da gwiwata ke jingine. Boris dai ba ya goge. Na sunkuya na kai kunne kusa da sifika, gabana ya faɗi.

Daga baya yaron ya yi mini bayani yana dariya har da tari. Waƙar maƙogwaro ce ta mutanen Mongoliya da maƙwabtansu na Tuba a ƙasar Rasha, makiyaya masu dawaki. Mutum ɗaya ne ke fitar da murya biyu a lokaci guda, gurnanin a ƙasa, fiton a sama, ta hanyar matse maƙogwaro da sarrafa harshe. Gogen nasu tsirkiya biyu gare shi na gashin doki, an sassaƙa kan doki a samansa. Har UNESCO ta sa salon cikin al'adun gado na duniya a 2010. Duk wannan ilimi ne mai kyau, amma a lokacin ba shi ne a gabana ba.

Abin da ke gabana shi ne Baba, tsaye a rana da babbar riga, yana nuna wa makanike inda boris yake. In ce masa me? In ce Baba, ba boris ba ne, wani makiyayi ne ke waƙa a ƙofa? In ƙaryata shekarunsa na harkar mota a gaban yaran gareji, sannan in amsa cewa tun daga gida kiɗa nake sa masa? Na zaɓi in yi shiru.

Oga ya ce fambel ya saki, sai an canza. Na ce a canza. Aka tura yaro a babur ya sayo sabo, aka cire nawa mai lafiya aka jefar gefe. Da ya gama ɗaurewa ya ɗaga hannu ya ce, "Yallaɓai, tayar mu ji." Na sa hannun dama a makulli, na hagu kuma ya lallaɓa ya zare memorin ya tura shi cikin aljihu. Mota ta tashi lafiya lau, ko tari babu.

"Ka ji ko?" in ji Baba. "Na gaya maka."

"Gaskiya ne, Baba."

Oga ya ce boris ɗin ma ya ɗan taɓa shi da giris, don haka kuɗin aiki ya ƙaru. Na biya ban yi ciniki ba. Mun isa Wudil an riga an shafa fatiha, sai goro da alewa muka tarar.

Baba ya karɓi lambar makaniken nan kafin mu tashi. Yanzu duk wanda motarsa ta yi ƙara a cikin dangi, can yake tura shi, ya ce a je a tambaye ni in ana shakka, a gabana mutumin ya kashe gurnani da fambel ɗaya. Makon jiya ƙanin uwargida ya kira ni yana tambaya ko da gaske ne ya iya aiki haka. Na ce masa ni dai tun ranar motata ba ta sake yi ba.