Ba a Faɗa Ba: Alhaji da Ayelsi a Teburin Mai Shayi

(Teburin mai shayi a unguwar Nima da ke Accra, bayan sallar isha'i. Torotoro, motocin haya, sai ham suke yi a bakin titi. Ɗanliti nas ya kifa kai a kan wani littafi mai kauri, shayinsa har ya yi sanyi. Kawunsa Alhaji Na-Sani ya cinye rabin benci. Ticha Garba, tsohon malamin Turanci, yana kurɓar nasa ba sukari.)

ALHAJI: Ticha, don girman Allah raba ni da yaron nan. Tun firamare da Turanci ake koyar da shi, ya ci WASSCE ta gama sakandare, ya gama makarantar nas, yanzu wai Bature sai ya gwada shi ya ga ko ya iya karatu. Mu da muka sallame su tun 1957! Kuɗin Ayelsin nan da na biya, da rago na saya da yanzu ya yi ƙaho.

TICHA: IELTS ake cewa, Alhaji, gwajin Turancin da zai ci kafin ya je aikin nas a Birtaniya. Gana ba ta cikin jerin ƙasashen da Birtaniya ke ɗauke wa wannan gwaji. Hukumar nas-nas ɗinsu kuwa, NMC, maki 7 take nema a karatu, 7 a saurare, 7 a magana, 6.5 a rubutu.

ALHAJI: Bakwai cikin ɗari? Ai ko akuyar Mamobi aka zaunar za ta kawo bakwai.

TICHA: Cikin tara.

ALHAJI: Af. To a bar akuya ta huta.

ƊANLITI: Malam, karatun ne ya tsaya mini a wuya. Gwaji uku na yi a gida, ban taɓa wuce 24 ba.

TICHA: 24 cikin 40, maki 6 ke nan. A ɓangaren Academic, wato nau'in jarrabawar da NMC ke nema, wajen 23 ke ba da 6, wajen 30 ke ba da 7, wajen 35 ke ba da 8, da ɗan bambanci daga takarda zuwa takarda. Ka ga an yafe maka tambaya goma. Amsa shida kawai ta raba ka da Ingila. Faɗa mini, ina kake idan lokaci ya ƙare?

ƊANLITI: Farkon nassi na uku.

TICHA: To ba Turanci ne ciwonka ba, agogo ne. Nassi uku, kalmomi tsakanin 2,150 da 2,750, tambaya 40, minti 60. Raba ka gani: minti ɗaya da rabi kowace tambaya, har da karatun a ciki. Kai kuma na san halinka, kana bin kowace kalma da yatsa.

ALHAJI: Haka na koya masa! Karatu ai ba a yi masa tsallake. Ɗaya bayan ɗaya, a maimaita sau uku, a tofa.

TICHA: Wannan na allo ne, Alhaji, can lada ake nema. Nan kuwa cefane ne. In Hajiya ta aike ka kasuwar Makola sayo kanwa, kana tsayawa ka taya kowane atamfa?

ALHAJI: Ina tsayawa mana.

MAI SHAYI: Shi ya sa ta daina aikensa.

TICHA: Ɗanliti, minti biyu zuwa uku za ka ba nassi da farko. Take, jimlar farko ta kowane sakin layi, sai ka ja layi ƙarƙashin sunayen mutane, shekaru da lambobi, don su ba sa sauya kama. Kana so ka san rumfar da kowane kaya yake ne kawai. Sannan ka ɗauki tambaya, ka nemo wurinta, ka tsaya cak a kan jimla biyu ko ukun nan ka karanta su a tsanake. Minti 20 ne rabon kowane nassi, amma na uku ya fi yawan tauri, saboda haka ka sato masa minti biyu ko uku daga na farko.

ALHAJI: Sata kuma? A jarrabawar da na biya da halalina?

ƊANLITI: Malam, ina neman kalmar da ke cikin tambaya, sai in rasa ta a nassin.

TICHA: Ba za ka same ta ba, sun sa mata wata riga. Tambaya ta ce "fall", nassi ya ce "decline". Tambaya ta ce rabi, nassi ya ce kashi 50 cikin ɗari. In ma ka ga kalmar tsirara ta fito daidai yadda take a tambaya, ka yi hattara, sau da yawa ƙugiya ce aka sa wa tana.

ALHAJI: To ni na samo magani. A kawo ƙamus, a wanke shi tas a ƙwarya, yaro ya shanye.

MAI SHAYI: In da madara ne, kuɗinsa daban.

TICHA: Ba a shiga da ƙamus, ko a hannu ko a ciki. Ba a kuma bukatarsa. Nassin daga littattafai da mujallu da jaridu ake ɗauko shi, an rubuta shi ne don mai karatu kowane iri, in akwai kalmar fanni mai wuya sukan fassara ta a ƙasa. Yanzu bari mu zo kan dodon. Mai shayi, ba ni kwalin can.

(Ya yi rubutu a bayan kwalin ganyen shayi.)

TICHA: Ga nassi: "Jiya mai shayi ya sayo gwangwanin madara shida a kasuwar Nima." Zan faɗi magana, ku ce TRUE, ko FALSE, ko NOT GIVEN. Wato nassi ya yarda, nassi ya ƙaryata, ko nassi bai ce komai ba. Ta farko: ya sayi fiye da gwangwani biyar.

ƊANLITI: TRUE.

TICHA: Madalla. Ta biyu: a Makola ya sayo.

ƊANLITI: FALSE, an ce Nima.

TICHA: Ta uku: ya zuba madarar a shayin mutane.

ALHAJI: Fols! Fols da babbar murya! Shekara goma ina shan shayin nan, nuna wa kofi gwangwanin kawai yake yi ya mayar.

MAI SHAYI: Turu ne, wallahi turu ne! Wa zai sayi madara ya ajiye ta ado?

TICHA: Ku biyun kun faɗi. Ɗanliti?

ƊANLITI: NOT GIVEN. An ce ya saya, ba a ce ya zuba ba.

TICHA: Shi ke nan! Alhaji ya shigo da abin da harshensa ya ɗanɗana, mai shayi ya shigo da abin da hankali zai ɗauka, nassi kuwa bakinsa alaikum. Kafin ka rubuta FALSE, sai ka iya ɗora yatsa a kan jimlar da ta ƙaryata maganar. In ka laluba wurin sarai ba ka samu ba, kada ka ɓata minti biyar kana tono, NOT GIVEN ne. Kai nas ma ka fi kowa shiga haɗari: a kawo nassi kan zazzaɓin cizon sauro, ka ɗebo ilmin asibiti ka amsa. Ka tuɓe shi a ƙofa tare da wayarka.

ALHAJI: Wato in takarda ta ce Kumasi a bakin teku take, in ce turu?

TICHA: In haka marubucin ya ce, haka za ka ce.

ALHAJI: Innalillahi. Kuɗi na biya a koya wa yaro shaidar zur.

TICHA: Ka kuma kula da ƙananan kalmomi, "some", "most", "all", "only". Nassi ya ce yawancin direbobin torotoro na yin lodi fiye da ƙima, tambaya ta ce dukkansu. Kalma ɗaya ta juya amsa.

MAI SHAYI: Wannan kam dukkansu ne.

TICHA: Ka sake faɗuwa. Akwai kuma 'yar uwarta, YES, NO, NOT GIVEN, ita ra'ayin marubuci take bi. Duba umarni, abin da aka nema shi za ka rubuta. Daɗin waɗannan, suna bin tsarin nassi: amsar ta biyar tana ƙasa da ta huɗu. In ka samo huɗu da shida, biyar na tsakaninsu.

ƊANLITI: Tambayoyin haɗa take da sakin layi fa? Masu lambobin Rumawa?

TICHA: Taken ya fi sakin layin yawa, da gangan. Karanta sakin layi tukun, ka faɗa wa kanka da Hausa a kalma biyar abin da yake nufi, sannan ka duba jerin. Taken da ya kama misali guda a ciki ya bar jigon, shi ne tarkon. Wanda ka yi amfani da shi ka soke shi.

ALHAJI: Ni abin da na gane, Bature ba ya son a gane shi.

TICHA: Saura asarar banza, wadda ta fi ciwo. In an ce kada amsa ta wuce kalma biyu ka rubuta uku, ta tafi, ko da daidai ce. Ka kwafo kalma daga nassi ka yar da "s" ɗin jam'i, ta tafi. Kalma mai karan ɗori a tsakiya ɗaya ake ƙirga ta. In a takarda kake yi, babu ƙarin minti goma na kwafe amsa kamar yadda ake bayarwa a ɓangaren saurare, don haka kana gama kowane nassi amsarsa ta kasance a takardar amsa. In a kwamfuta ne, kana iya shafa wa jimla launi, agogo kuma na gabanka. Kuma kada ka bar gurbi ko ɗaya. Ba a rage maki don kuskure, in tambaya ta ƙi, ka cinka ka wuce.

ALHAJI: Caca ke nan. Da sata, da zur, da caca.

ƊANLITI: Kawu, don Allah. Malam, mako shida ya rage mini.

TICHA: Ya isa in ka daina jera gwaji kamar mai ƙirga carbi. Littattafan gwaji na Cambridge kowanne jarrabawa huɗu ce a ciki. Yi cikakkiya biyu a mako, minti 60 cif, waya a kashe. Gyaran kuma ya fi gwajin daɗewa: samu littafi ka raba shafi gida uku, lambar tambaya, jimlar da amsar ke ciki, da dalilin faɗuwarka, ko lokaci, ko kalmar da ta sauya riga, ko ilmin waje. Bayan mako biyu za ka ga gida ɗaya ya fi cika, shi za ka bi da sanda. Ranar jarrabawa kuma ban da ataya, saurare da karatu da rubutu a zama ɗaya ake yin su, in ka fita bayi agogo ba ya jiran ka.

MAI SHAYI: Ticha, kana kashe mini kasuwa. Amma tsaya, ni ma ina da nassi.

(Ya zaro littafin bashi daga ƙarƙashin tebur, ya lashi yatsa, ya buɗe.)

MAI SHAYI: "Alhaji Na-Sani: shayi goma sha huɗu, ƙwai tara, biredi uku." Ɗanliti, ga magana: Alhaji ya ci ƙwai fiye da takwas.

ƊANLITI: TRUE.

MAI SHAYI: Alhaji bai taɓa biredi ba.

ƊANLITI: FALSE.

MAI SHAYI: Alhaji zai biya yau.

(Ɗanliti ya karɓi littafin, ya bi shi da yatsa sama da ƙasa, ya juya bayan shafin.)

ƊANLITI: NOT GIVEN.

ALHAJI: (ya miƙe yana saɓa babbar riga) Allahu akbar! Ticha, yaron nan tara zai ci. Kuɗina bai faɗi ƙasa banza ba. Sai da safenku.

MAI SHAYI: Allah ya tashe mu lafiya, Alhaji. Gobe ka zo da wuri, shayinka ma not gibin.