An kori ƙarar, an biya lauya: ina laifin?

A Amurka akwai kotun sauraron koke kan allurar riga-kafi, inda za a kori ƙararka, amma a ciro kuɗi daga asusun gwamnati a biya lauyanka. Wanda ya fara jin haka zai ce almubazzaranci ne. Ni dai ban ga haka ba.

Dokar 1986 ce ta kawo tsarin, bayan ƙararraki kan allurar riga-kafin yara ta DPT sun sa kamfanoni sun fara guje wa yin ta. Aka ce duk mai zargin riga-kafi ya cutar da shi ya bar kamfani, ya kai kukansa Kotun Da'awa ta Tarayya da ke Washington. Diyyar tana fitowa ne daga harajin santi 75 kan kowace cutar da allura ke karewa. Sannan dokar ta hana lauya karɓar ko sisi daga hannun mai ƙara.

Nan gizo ke saƙa. In sai an ci shari'a lauya zai ga kuɗi, wa zai ɗauki ƙara mai wuya, wadda ke cin shekaru da tarin takardun asibiti da kuɗin ƙwararrun likitoci? Kowa sai ya bi mai sauƙi. Shi ya sa aka ce ko an faɗi ana iya biya, muddin da zuciya ɗaya aka shigar, kuma akwai madogara.

Dubi Melissa Cloer. Tana ɗalibar likitanci aka yi mata allurar ciwon hanta a 1996 da 1997. Hannunta na hagu ya fara mutuwa, amma sai 2003 aka gano cutar jijiyoyi ta MS ce. Ta shigar da ƙara a 2005, aka ce ta makara, don wa'adin wata 36 daga alamar farko ake lissafa shi. Ta ina za ta san ranar da agogon ya fara bugawa? A 2013 Kotun Ƙoli, baki ɗaya, ta ce makara kaɗai ba ta hana a biya lauyoyinta.

Masu ƙorafi ma suna da tasu hujjar, ban musa ba. Ƙararraki sama da 5,000 aka jibge kan zargin riga-kafi na jawo cutar galahanga (autism), kotu ta yi watsi da waɗanda aka zaɓo a matsayin gwaji a 2009 da 2010, kuma aiki ya ci kuɗi. Amma an ja birki. A shari'ar Simmons ta 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta ce lauya ba zai ruga ya shigar da takarda babu shaida don wa'adi ya ƙure, sannan ya miƙo hannu ba.

Mai son ganin ɗaya ɓangaren ya leƙa inda ake kai koken allurar korona. Can shekara ɗaya tak ake ba ka, ba a biyan lauya, ma'aikatar lafiya ce ke yanke hukunci, kuma in ta ƙi ka, babu kotun da za ka nufa.