Ƙannena masu neman admishan, ku rabu da ƴan cuwa-cuwa

Assalamu alaikum ƙannena maza da mata, musamman waɗanda suka rubuta JAMB suna zaman jiran gurbin karatu. Dan Allah ku ba ni aron kunnuwanku, maganar nan ta daɗe tana ci min rai.

Duk wanda ya zo ya ce maka kawo dubu kaza zai shigar da kai jami'a ta bayan fage, wai yana da mutum a ofishin rijistara, ko ya ce zai ɗaga maka maki, ko zai samo wanda zai zauna maka jarrabawa, wallahi ba taimakonka zai yi ba. Shi ya karɓi kuɗinsa ya ƙara gaba, kai ne sunanka da hotonka da lambar NIN ɗinka ke jikin takarda.

Da yawanmu ba mu san akwai doka a kan wannan ba. Tun 1999 aka yi dokar hukunta maguɗin jarrabawa a Najeriya, kuma ta haɗa da satar amsa da sojan gona da buga sakamakon bogi. Wanda bai kai shekara 18 ba ana iya cin sa tarar naira dubu 100 ko ɗaurin da ya kai shekara 3 ko duka biyun, wanda ya haura 18 kuwa ɗauri ne babu zaɓin tara, malami ko mai sa ido da aka kama da hannu a ciki nasa ya fi tsanani. Za ku ce ai ba a cika ɗaure kowa ba, haka ne, dokar ta daɗe tana barci, ni ma ina ganin ya kamata ƴan majalisa su sabunta ta su ƙara matse manyan da ke sayar da gurbi ba yara kaɗai ba. Amma yau ba sai an kai ka kotu ake gamawa da kai ba, kwamfuta ce ke yin aikin.

Daga 2017 JAMB ƙarƙashin Farfesa Ishaq Oloyede ta kawo tsarin CAPS, wato manhajar intanet da ake bi a ba ɗalibai gurbin karatu, duk admishan ɗin da bai bi ta nan ba haramtacce ne ko da makarantar da kanta ta ba ka takarda mai tambari. A nan ne abin tausayin yake. Yaro ya shiga, uba ya sayar da hatsi ko ɗan filinsa, uwa ta fasa adashi, a yi shekara huɗu ko biyar ana biyan kuɗin makaranta da na haya ana fama da yajin aiki, sai ranar da za a tura sunaye bautar ƙasa a duba jerin JAMB a ce babu sunansa. Ɗalibai dubban ɗaruruwa aka samu a wannan hali daga 2017 zuwa 2020 har sai da gwamnati ta yi musu afuwa, daga baya kuma JAMB ta ce ta rufe wannan ƙofar. To wa zai yi maka afuwa gobe?

Ku tuna yarinyar nan ta Anambra a 2023 da ta mayar da maki 249 ya koma 362, har kyaututtuka aka fara ba ta, ƙarshe asiri ya tonu aka hana ta rubuta JAMB shekara 3. Makin nata na gaskiya fa ba ƙarami ba ne.

Ga kuma digirin Kwatano ta Jamhuriyar Benin. A ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya nuna yadda ya sayi digiri cikin mako 6 ba tare da ya taka aji ba, har ya shiga bautar ƙasa da shi. Farkon Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo, daga baya ministan ilimi na lokacin Tahir Mamman ya ce sama da mutum dubu 22 ke yawo da na bogi. Har waɗanda suka yi karatunsu tsakani da Allah a can abin ya shafa, saboda halin wasu.

Na san zafin da kuke ji, kusan mutum miliyan 2 ke zana jarrabawar nan a shekara kuma guraben ba su isa ba, sa'o'inka sun tafi kai kana gida ana yi maka kallon wanda ya kasa. Amma zaman shekara ɗaya ka sake rubutawa, ko ka karɓi kwalejin ilimi ko foliteknik daga baya ka shiga jami'a kai tsaye a aji biyu, ya fi maka sau dubu a kan takardar da za ka riƙa ɓoyewa duk ranar da aka ce za a yi tantancewa a wajen aiki.

Kai da ka riga ka shiga makaranta, yau ɗin nan ka buɗe shafinka na JAMB da kanka, kar ka bar wa mai kafe lambar sirrinka, ka duba ko CAPS ya nuna an ba ka gurbin kuma ka karɓa, ka fitar da takardar admishan ta JAMB ka ajiye. In ka ga babu, ka sanar da iyayenka ku tafi ofishin JAMB na jiharku tun kana ajin farko.