Kaburburan Chemmani: A Daina Ce Mana Gabar Kaka da Kakanni Ce

Tun da aka sake tono ƙasusuwan mutane a Chemmani, kusa da birnin Jaffna da ke arewacin Sri Lanka, a 2025, har aka ci karo da ƙwarangwal ɗin yaro da jakar makarantarsa, masu sharhi suka sake ɗauko tsohon karatunsu. Wai rikicin ƙabilar Sinhala masu rinjaye da Tamil marasa rinjaye a Sri Lanka gado ne, tun yaƙin sarkin Sinhala Dutugemunu da sarkin Tamil Elara shekara dubu biyu da suka wuce. Maganar nan tana ƙona min rai, domin wanke masu laifi take yi. In an ce gado ne, wa za a kama?

Alhali wutar nan a majalisa aka hura ta, da sa hannu da hatimi. Ƙasar na samun 'yanci a 1948 aka yi dokar da ta raba Tamilawa masu aikin gonakin shayi da zama 'yan ƙasa. A 1956 Bandaranaike ya ci zaɓe ya zama firaminista da alkawarin mayar da Sinhala harshen gwamnati ita kaɗai, ya kuwa cika. Ka duba halin akawu Batamile da ya yi shekaru yana aiki, rana tsaka a ce ko ya ci jarrabawar Sinhala ko ya manta da ƙarin girma. Da aka ƙulla yarjejeniyar sulhu da jagoran Tamil, Chelvanayakam, a 1957, malaman addinin Buda suka yi wa firaministan zaman dirshan a ƙofar gida har ya soke ta.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne tsarin shiga jami'a na farkon shekarun 1970. Ɗalibin Tamil sai ya kawo maki 250 kafin ya karanta likitanci, na Sinhala 229 ya ishe shi. Cikin matasan da aka rufe wa wannan ƙofa Prabhakaran, jagoran 'yan tawayen Tamil Tigers, ya sami mabiya. Sai aka ƙone ɗakin karatu na Jaffna a 1981 da littattafai sama da 90,000, sannan a Yulin 1983, bayan 'yan tawayen sun kashe sojoji 13, 'yan daba suka bi gidajen Tamilawa a Colombo riƙe da rajistar masu zaɓe. Wane Dutugemunu ne ya ba su rajistar?

Masu ɗora komai kan Turawan Ingila, wai sun fifita Tamil, su fara faɗa mana wane Bature ne ya yi dokar 1956.

Ba kare Tamil Tigers nake ba. Su ne suka kashe masallata a Kattankudy a 1990, suka kuma kori Musulmi daga arewa da kayan jikinsu kawai. Amma an murƙushe su tun Mayun 2009, kuma ƙorafin da ya haife su yana nan. Gyaran tsarin mulki na 13, na 1987, ya yi wa larduna alkawarin iko kan filaye da 'yan sanda, ba a ba su ba. Wa'adin majalisar lardin Arewa ya ƙare a 2018, aka yi ta jan ƙafa kan sabon zaɓe. Ya kamata shugaban ƙasa Dissanayake ya cika waɗannan, ya kuma bar masu bincike su gano wa ya binne yaron nan na Chemmani.